Sunan Ba'adare: Inda Ya Fito da Inda Ya Kai

Ga dalilin da ya sa munka ɗauko maganar tarihi a wagga fitowa, maimakon lissafin kuɗin asusu da kunka saba gani a shafin farko.

Wata biyu da sunka wuce, ranar taron reshenmu na Abijan, wani saurayi ya shigo ya yi sallama ya zauna bakin tabarma. Hausarsa ta Abijan ce, rabi da Faransanci. Ya ce a Ajame anka haife shi, ubansa ya rasu yana ɗan shekara shida, uwarsa kuwa ba 'yar ƙasarmu ba ce. Iyakar abin da ya sani, mutane suna kiran uban nasa Ba'adare, kuma ya taɓa jin ya ambaci Affala. Yanzu yana neman aure, iyayen yarinya sun ce ya kawo dangin uba. Munka karɓi takardar haihuwarsa munka duba: sunansa da sunan ubansa, shi ke nan. Sunan uban kuwa irin wanda in ka tsaya bakin masallaci ran Juma'a ka kira shi, mutum ashirin za su waiwayo. Dattawa huɗu sunka yi ta lissafin gidaje har magariba, ba a gano ba. Yaro ya yi godiya ya tashi, mu kuwa kunya ta rufe mu.

To, duk gadon da wanga yaro ya samu na asali kalma guda ce: Ba'adare. Shi ya sa munka ga ya kamata mu bi sawun wanga suna, mu ga daga ina ya fito, ina ya kai, kuma ko ya isa ya maido ɗa gidan ubansa.

Mu dai Hausawa ba mu da sunan gida irin wanda a ke gado kaka da kakanni. Maƙwabtanmu na Abijan, Julawa da Bambarawa, suna da shi: Kulibali, Tarawure, Watara, Kone. Mutum ya faɗi nasa, nan take a san da wa zai yi wasa, da wa zai ji kunya. Mu kuwa ga yadda takarda ke yi da mu. A ce Musa ɗan Idi ya haifi Sani, sai a rubuta Sani Musa. Sani ya haifi Habu, a rubuta Habu Sani. Idi ya fita tun ga jika, Musa ya fita ga tattaɓa-kunne. A gida wannan bai dami kowa ba, don tsofaffi suna nan, gona tana nan, kushewa tana nan. Da can ma akwai aska, a dubi fuskar mutum a san gidansu, ga shi yanzu an bar ta. Amma a baƙon wuri, inda ba gona ba tsohuwa, takarda ce kaɗai ke magana.

Kada mu ce Allah ne ya ba wasu sunan gida ya hana mu. Turawan Ingila ma da can kamar mu su ke, mutum da sunansa guda, sai laƙabi. Bayan da Normandawa sunka ci ƙasar a 1066, manyan masu ƙasa sunka fara riƙe sunan garuruwansu, talakawa sunka biyo a hankali, har zuwa wajen 1400 mafi yawan gidaje sun sami sunan da ɗa ke gada. Wani na sana'a ne, kamar Simit, wato Maƙeri, wani na uba, kamar Jonsan, wato ɗan Jon, wani na gari. Abin da ya kafe sunayen nan kuwa littafin haraji ne, da wani umurni na 1538 da ya sa kowace majami'a ta riƙa rubuta jariran da anka kawo, da masu aure, da waɗanda anka rufe. Shi ya sa yau Bature da ke zaune Amurka ko Ostareliya ya kan bi takarda har ƙauyen da kakansa ya baro shekara 300 da sunka wuce. Faransawa sun tilasta wa mutanen Aljeriya ɗaukar sunan gida da dokar 1882, Turkiyya ta yi tata dokar a 1934. A ƙasar Hausa ba a yi haka ba, sai sunan ƙasa ya zame mana sunan gida in mun fita.

Ita dai Adar sunan ƙasa ce kafin ta zama sunan mutane: ƙasar fako da duwatsu da kwaruruka, tun daga Majiya a kudu har inda gonaki ke ƙarewa Azawak ta fara, wato nan gabanmu kaɗan. Faransawa sun rubuta ta Adar Dutsi cikin taswirarsu. Waɗanda sunka riga kowa zama cikinta su ne a ke kira Azna, masu ƙasa, manoma da mahalba, har a na labarin waɗansunsu a kogunan dutsi sunka fara zama, shi ne a ke cewa Aznan ramu. Bayan da Kanta ya kafa mulkin Kabi wajen 1516, Adar ta shiga hannun Kabawa, ta daɗe a nan.

A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya sauko da yaƙi ya ci Kabawa ya ƙwace Adar. Ya koma Agadas ya gaji ubansa a 1687. A 1721 ɗan'uwansa ya tuɓe shi, sai ya juyo kudu ya zauna ƙasar da takobinsa ya ci, ya kafa sarautar Sarkin Adar a Birnin Adar. Daga baya sarautar ta koma Illela, inda zuriyarsa ke riƙe da ita. Bai zo shi kaɗai ba. Lisawan sun biyo shi, su ne a zamanin Faransawa sarautar kanton Kaita ta shiga hannunsu, da sauran mutanen Abzin, malamai da maƙera da fatake da bayi. Wanda ke son dogon bayani ya sa ɗan makaranta ya karanta masa littafin Malam Djibo Hamani na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa.

A nan ne mu ke son dattawa su yi mana haƙuri mu faɗi wata magana. Tun daga wancan lokaci, Ba'adare ba jini guda ba ne. Azna, da Agadasawa, da Gobirawan da sunka rage a hanya, da Buzayen da sunka aje raƙumi sunka ɗauki hauya, da Filanin da sunka zauna, duk ƙasa ta haɗa su, harshe ya haɗa su, aure ya cuɗe su. Wanda ya ce shi ne Ba'adare na ainihi, wani kuwa ɗan karo ne, to ya ƙidaya kakanninsa takwas mu gani.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, kuma ƙofar gidanmu anka fara shi, don Gudu da Tafkin Kwatto ba su da nisa da Ƙonni. Gidan sarautar Adar ya rabu, wasu sunka bi jama'a wasu sunka ƙi. A nan arewa kuma Muhammadu Jelani ya tada nasa jihadin cikin Buzaye, anka yi shekaru a na gwabzawa kafin Ibra ya karya shi. Da ƙura ta kwanta, Kel Giris sunka riƙe kudu da gabas, Ulimidan na Azawak sunka riƙe wajenmu. Manomi ya noma, a zo a auna. Cikin waɗanga shekaru ne sunan Adarawa ya yi tafiyarsa ta farko mai yawa. Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809, mutanen Adar sunka kwarara can, wasu don addini, wasu don kasuwa, wasu don neman inda za su kwana da ido biyu rufe. Shi ya sa a birnin Sakkwato akwai shiyoyi masu sunan Sarkin Adar, kuma hakimin Dundaye, inda jami'ar Sakkwato ta ke, Sarkin Adar a ke ce masa. Ƙauyuka masu suna Adarawa kuwa suna nan ƙasar Sakkwato da ta Maraɗi. Ku lura: ba wanda zai sa wa ƙauye suna Adarawa a cikin Adar. Sai an fita a ke samun sunan.

Sa'an nan Turawa sunka zo da igiyar awo. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sunka kafa tsinke a Sakkwato sunka zagaya da'ira mai nisan mil 100, wato kilomita 160, duk abin da ke ciki na Ingilishi. Ƙonni ta faɗa ciki, Tawa ta tsira a waje, shi ya sa Faransawa sunka kafa bariki a Tawa don hanyarsu ta zuwa Damagaram, sunka karya Kel Giris a Galma a 1901. Da sunka ga hanyar ba ruwa, sai sunka nemi a sake, anka gyara iyaka a 1904 da 1906, ta koma inda ta ke yau. Adarawa dai sun rabu biyu. Wa ya zama Oumarou a littafin kwamandan, ƙane ya zama Umaru a littafin Joji, alhali nono guda sunka sha. Har sunan ƙasar anka rubuta Ader, Tawa ta koma Tahoua.

Lanho da aikin dole su ne sunka buɗe babbar hanyar biɗa. Kuɗin lanho sai da tsabar kuɗi, ƙasarmu kuwa hatsi ta ke bayarwa, in ta bayar. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta kori gidaje ɗungum zuwa kudu. Samari sunka riƙa sauka da ƙafa bayan girbi, su bi ta Sakkwato, wasu su tsaya Kano ko Jos wajen kuza, wasu su zarce Gwalkwas, su sauka zangon Kumasi ko Ankara, su yi dako da aikin koko, su komo da damina da kuɗin lanho da turmin atamfa. An soke aikin dole a 1946, amma ƙafa ta riga ta saba hanya.

A can kowa da sunan da ya laƙa mana. A Gana da yawa Zabarmawa su ke ce wa duk wanda ya fito Nijar. A Kano Buzu, ko da mutum bai san kalma guda ta Buzanci ba. A Ikko Aboki. A Abijan Hausa kawai. Har abincin nan na acake da soyayyen kifi da duk Abijan ke ci, garba a ke ce masa, kuma mutanen garin da kansu suna cewa daga sunan 'yan Nijar masu saida shi ya samo. To ga sunan mutum ya zama sunan abinci, ya shiga bakin miliyoyi, amma ba wanda zai iya gaya maka Garban wane gari ne. Tsakaninmu ne kawai a ke rarrabewa: wanga Ba'adare ne, wancan Bagobiri, wancan Ba'are. In an shiga ɗaki kuma a sake rarrabewa: ɗan Barmu, ɗan Kalfu, ɗan Bambai, ɗan Takanamat, ɗan Affala.

Ranar da takarda ta fara cizo, tsofaffinmu ba su manta ta ba. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Mutanen da sunka shekara talatin a zango sunka hau manyan motoci da abin da hannu ya iya ɗauka, da ɗiyan da ba su taɓa ganin Adar ba. Waɗannan sun dace, don iyayensu na da rai sunka nuna musu ƙofar gida. Daga nan ne hanya ta karkata zuwa Kodebuwa. Fari na 1973 da 1974 ya ƙara tura mutane. Najeriya ta kori baƙi a Janairu 1983, ta rufe iyaka a 1984 daidai da yunwar da mu ke kira El Buhari, ta sake kora a 1985. Kodebuwa ta kawo katin zama a farkon shekarun 1990, rikici ya ɓarke a 2002, ya sake tashi a 2010 da 2011. A 2011 ɗin ne kuma 'yan biɗarmu na Libiya sunka kwararo gida ta Agadas. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina sunka kammala fita daga ƙungiyar CEDEAO, sunka fito da sabon faspo nasu. Duk lokacin da irin wannan ya faru, tambaya guda ce a bakin shinge: kai ɗan ina ne, ina shaida? Ɗan da anka haifa a waje, ba a rubuta shi a ofishin jakada ba, ba a yi masa jijiman a gida ba, ya kan tashi ba shi can ba shi nan.

A taronmu na baya wasu matasa sun kawo shawara, sun ce mu yi yadda 'yan Najeriya ke yi, kowa ya ƙara Affala a ƙarshen sunan ɗansa. Shawarar tana da tushe. Makarantun boko na can sun saba rubuta yaro da sunan garinsu, shi ya ba mu Aminu Kano, da Shehu Shagari, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sa'adu Zungur. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa a ke ce masa a makaranta. Akwai ma gidan da laƙabi ya zame masa sunan gado sosai. Alhasan Ɗantata, wanda anka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, sunan ya samo shi daga Tata, matar da ta rene shi. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja da Kumasi da Ankara, sa'an nan gyaɗa ta ɗaukaka shi. 'Ya'yansa da jikokinsa sunka riƙe sunan, har Aliko Ɗangote ta wajen uwa jinin gidan ne. Su kuwa Agalawa ne, kuma Agalawa daga nan arewa kakanninsu sunka fito, cikin mutanen da sunka zauna ƙarƙashin Buzaye, sunka sauka ƙasar Katsina da Kano sunka kama fatauci. Sun riƙe sunan asalinsu, suna aure tsakaninsu, suna ba juna bashi da masauki a hanyar Gwanja, har sunan ya zama jari.

Duk da haka mu ba mu goyi bayan a taɓa takardun da anka riga anka yi ba. Wanda ya taɓa zuwa karɓar kuɗin da ɗansa ya aiko, anka mai da shi don harafi guda ya bambanta tsakanin katin ɗan ƙasa da takardar aike, ya san abin da mu ke nufi. Akwai ɗan'uwanmu da ke Mahamadou a takardar haihuwa, Mamadou a katin aikinsa na Abijan, Muhammadu a takardar asibitin Kano, ya yi shekara biyu yana neman haƙƙinsa na aiki bai samu ba. In an ƙara wani suna bisa wannan, an ƙara wa Barno dawaki. Jaririn da za a haifa gobe, uba ya ga dama ya sa masa Affala tun ranar farko, wannan ruwansa. Amma sunan gari shi kaɗai ba ya nuna ƙofa. Ga yaronmu na Ajame, ya san Adar, ya san Affala, bai san gida ba.

Abin da kwamiti ya tsaida shi ne littafi. Kowane reshe zai sayi babban littafi mai bango, na gida kuma a aje shi wurin magatakarda. Kowane mai gida ya ba da sunansa yadda a ke kiransa da yadda a ke rubuta shi a takarda, da laƙabinsa, da sunan uba da kaka da kakan uba iyakar inda ya sani, da sunan uwa da garinsu, da unguwa ko ƙauyen da gidan ya ke, da 'ya'yan da anka haifa a waje da garin da anka haife su. Mun ce a sa uwaye don kuwa a wanga bincike mun gane tsofaffin mata sun fi maza riƙe zuriya nesa ba kusa ba. In reshe ya cika shafi, a ɗauki hotonsa da salula a aiko gida a kwafe.

Mun san abin da zai sa wasu su noƙe, gara mu faɗe shi a fili. Akwai gidajen da ba su son a tona asali, saboda abin da ya faru zamanin da mai ƙarfi ke kama mara ƙarfi. Littafin nan ba shi da gurbin ɗa ko bawa, ba shi da gurbin wa ya riga wa zuwa, kuma ba za a kai shi gaban sarki ko alƙali don shari'ar gona ko neman sarauta ba. Dokar ƙasa ta 2003 ta sa bauta cikin manyan laifuka, mu ma ba za mu raya ta da alƙalami ba. Wanda ya tsaya ga kakansa, a rubuta nan a bar shi. Muna kuma roƙon 'yan biɗa, duk wanda anka yi wa haihuwa ya kai sanarwa cikin lokacin da doka ta yanke, wanda ya makara ya nemi jijiman in ya zo gida, tun da Affala ta sami meri nata bayan zaɓen 2004, ba sai an yi ta zarya ba kamar da.

Saura maganar yaron. Ga abin da munka tattara daga bakinsa da na uwarsa. Uban ya bar gida shekarar El Buhari, yana saurayi bai yi aure ba. Ya fara zama Ikko yana ga-ruwa, sa'an nan ya wuce Abijan ya kama tebur na shayi kusa da tashar mota. Dogo ne, baƙi, yana da tabon ƙuna a hannun hagu, ya ce tun yana yaro ya faɗa wuta wajen gashin fara. Ya kan ambaci wata yayarsa da anka kai aure wajen Barmu, da wata rijiya mai gawo biyu kusa da gonarsu. Ya rasu a Abijan shekara biyu bayan tashin rikicin 2002, lokacin da yawancin mutanenmu sun watse, shi ya sa labari bai iso gida ba. Muna roƙon a karanta wanga shafi da ƙarfi a zaure da wurin suna da wurin biki, musamman gaban tsofaffin mata. Wadda ta tuna da ƙane ko ɗa da ya tafi shekarar nan bai komo ba, ta gaya wa magatakarda na gida, shi zai sanar da reshen Abijan. An sa ranar ɗaurin auren bayan Sallar Layya.